Yayen Uwargida a Hannun Mahauci

Akwai wata baiwar Allah da ke magana a rediyo ranar Asabar da hantsi, tana koya wa ma'aurata masu aiki yadda za su raba kansu tsakanin ofis da gida. Murya kamar an shafa mata man shanu. Takan ce a tsara lokaci, a tattauna, a fahimci juna. Ba na fashin sauraronta, domin ni mutum ne mai girmama ilimi, tunda nawa ya tsaya a aji huɗu, ranar da mahaifina ya lura na iya rubuta sunana kuma hannuna ya isa riƙe wuƙa. Abin da nake jira ta faɗa, har yau ba ta faɗa ba, shi ne yadda ake buɗe bakin yarinyar da ta rantse ba za ta ci abinci ba. Tunda ta ƙi, bari ni in faɗi abin da na gani, ko da rubutun zai fito kamar tafiyar kaza a taɓo.

Ni mahauci ne, a Abatuwa, babbar mayankar garin nan, na tsufa. 'Ya'yana maza sun bi motocin shanu zuwa kudu, can suka ajiye iyalansu. Mace ɗaya Allah ya ba ni, ita ce auta, kuma ita kaɗai ta ƙi rabuwa da makaranta. Uwarta ce ta tsaya mata, ni kuwa nawa kallo ne da gunaguni. Ta koyi buga tafireta, ta samu aiki a sakatariya, ta auri wani tela mai shago a hanyar Naraguta, yaro mai ladabi wanda ko tari ba ya yi a gabana sai ya juya baya. Allah ya ba su 'ya mace bayan rasuwar matata da 'yan watanni, aka mayar mata da sunan marigayiya. Saboda haka uwar ba ta iya kiran sunan, na mahaifiyarta ne. Uban ba ya iya kira, na surukarsa ne, ga shi kuma 'yar fari. Ni kaɗai nake da izini, ni kuma Uwargida nake ce mata, tunda ta gaji kujerar.

A shekarun nan ne gwamnati ta fara kwashe tafiretoci tana dasa kwamfuta. Aka ce wanda bai je ya koyo ba, ya nemi wata sana'ar. Sunan 'yata ya fito cikin waɗanda za a tura kwas a wata makarantar gwamnati a Kuru, na 'yan makonni, can za a kwana can za a tashi, ba a zuwa da goyo. Wanda ya bari a tsakiya kuma ba a sake kiransa. Lokacin Uwargida ta kusa shekara biyu, tana tafiya, tana zagi da harshen da ita kaɗai ta sani, amma ba a yaye ta ba.

Da can wata maƙwabciyarsu ce, dattijuwa 'yar asalin Filato, ke riƙe yarinyar in uwar ta tafi ofis. To tun bayan tashin hankalin da ya raba unguwanni a garin nan, mutane suka yi ta kwashe kaya a hankali, kowa yana komawa cikin nasa. 'Ya'yan dattijuwar suka zo suka ɗauke ta, ta tafi tana kuka, yarinyar na kuka. Uwar mijin kuwa tana can ƙauyensu, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Shi mijin ya karɓi ɗinkin yunifom na wata makaranta, ana gab da dawowa daga hutu, daga asuba har duhu ƙafarsa na kan keken ɗinki.

Ranar da 'yata ta zo mini da maganar, ruwa ake yi, irin na Agusta da ba ya gaisawa ba ya sallama. Ta durƙusa a bakin ɗakina da yarinyar a baya.

"Baba, ya yarda in je."

"To madalla."

"Amma ya ce in yarinya ta wahala, in dawo. Kuma in na dawo, shi ke nan, ba ni ba aiki."

"Wa zai riƙe ta?"

Ta juya tana kallon ɗakin mahaifiyarta da ke kulle. A al'adarmu, in za a yaye yaro wurin kaka ake kai shi, a raba shi da uwar har ya manta da nono. Kakar ta riga mu gidan gaskiya. Na ga hawaye ya taru a idonta, ni kuma ba na son ganin hawayen auta, yana sa ni faɗin abin da ban shirya ba.

Na ce, "Kaka namiji ma ai kaka ne. Ni da na kayar da bijimi da hannu ɗaya, wannan 'yar kulɓar ce za ta gagare ni? Kawo mini matata, dama tun da ta dawo duniya ba ta kwana a ɗakinta ba."

Ta yi dariya tana share fuska. Ta sauke jaka da kayan sawa, garin koko, zane da majanyi. Na tambaye ta abin da yarinyar ke ci.

"Tana cin komai, Baba," in ji ta, idonta a ƙasa.

Ku riƙe wannan amsa. Gaskiya ce tsagwaronta, kuma ita ta kusa kashe mu.

Da safen da za ta tafi, na ɗauki Uwargida zuwa bayan gida in nuna mata akuya, uwar ta sulale. Da muka dawo yarinyar ta duba ɗaki, ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado. Sannan ta dube ni. Ta kulle baki, kamar yadda marigayiya ke yi in na dawo da baƙo ban sanar ba.

Na dama koko, ta kawar da kai. Na ce to, wataƙila ba ta son tsami. Na roƙi matar maƙwabcina ta yi kunun gyaɗa, ta bugi kofin ya zube a rigata. Na dafa romon ƙashi da ɓargo, wanda in mara lafiya ya sha yakan tashi ya nemi takalminsa. Ta shinshina ta fashe da kuka. Na soya hanta na murje ta da yatsa. Na sayo biskit, na sayo madara, na sayo ayaba. Na karɓo rubutun yaye wurin malamin unguwa, wanda ake ba yaro don ya manta da nono, na ɗura mata, ta feso mini shi a gemu, ya zama ni na sha rabi. Na kuwa manta da nono sarai, ita ce dai ba ta manta ba. Ruwa kaɗai take karɓa, shi ma kurɓi ɗaya, tana kallona ta gefen ido kamar na ci bashin ubanta.

Fawa kuma ba ta jiran kowa. In ba ka je da asuba ba, wasu su zaɓi nama su bar maka jijiya. Na riƙa ɗaukarta a kafaɗa zuwa Abatuwa, in shimfiɗa buhu a cikin kwali ƙarƙashin teburina in zaunar da ita. Ga ƙuda, ga ƙarar gatari, ga ruwan jini na bin ƙasa. Tana kuka, ina yanka, ina jijjiga kwalin da ƙafa. Abokina da teburinsa ke jikin nawa, wanda muka fara fiɗa tare tun muna samari, ya samu abin yi.

"Jama'a, ku zo ku ga sabon kaya! Tsoho, wannan ta kwalin nawa kilo?"

"Ta fi ƙarfinka. Kai da ko akuya ba ka taɓa saya da kuɗinka ba."

"Amarya ta ƙi ango ke nan. Ai na gaya maka ka rina gemun nan."

Ina mayar masa, amma hankalina na kan kwalin. Wata madam 'yar kudu mai gidan abinci da ke sayen kayan ciki a wurina ta leƙa kwalin ta riƙe baki.

"Baba mai nama, wannan yarinya bai ci abinci ba? Duba idonshi. Ina mamanshi?"

"Tana makaranta."

"To goya shi mana! Ka sa shi a kwali kamar tumatir."

Na ce mata namiji da gemu ba ya goyo. Ta ce to in bar shi ya mutu da gemun. Ta zaro zanen daga jakar yarinyar, ta sa na sunkuya a tsakiyar Abatuwa, gaban mahauta da masu dako, ta ɗora mini yarinyar, ta ja majanyi ta ɗaure a ƙirjina har numfashina ya sarƙe. Wurin ya ɗauki sowa. Abokina ya zauna a ƙasa don dariya, yana tambaya ko a kawo mini ɗankwali. Amma yarinyar ta kwantar da kanta tsakanin kafaɗuna ta yi shiru. Daga ranar na zama mai goyo. Barci ya samu. Ci ne dai babu.

Kullum bayan la'asar surukina yakan sato jiki daga shago ya zo. Ba ya wuce zaure. Zai cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya ajiye leda da burodi ko lemo.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya... mutanen gidan?"

"Kowa lafiya."

Iyakar abin da zai iya ke nan. Mutum ba ya tambayar surukinsa labarin 'yarsa ta fari, ba ya ɗaukarta a gabansa, ba ya ma nuna ya san da ita. Haka muka taso, haka na yi da nawa ɗan farin, wanda sai da ya fara aske gemu na kalle shi ido da ido. Ni kuma ba a amsa gaisuwa da "ba lafiya". Ko gidanka na ci da wuta, sai ka ce lafiya lau tukuna, sannan a nemi guga. To nan gugan ba ya zuwa, domin da na ce lafiya zai miƙe ya nemi takalminsa. Kuma kada in ɓoye muku, al'adar ta yi mini rana, domin na san abin da zai biyo baya in ya ga yarinyar. Na lura dai da abu guda: duk lokacin da muryarsa ta shigo daga zaure, Uwargida takan miƙe daga tabarma ta nufi ƙofa da tangaɗi, matar maƙwabcina ta tare ta, don kada ta ba uban kunya a gabana. Shi kuma da ya ji motsinta sai ya ƙara sauri. Ni da wayona na ɗauka ledar burodin take bi.

'Yata kuma takan kira ta wayar haya ta mai lemar da ke bakin titinmu, a aiko a kira ni.

"Baba, ta ci?"

"Tana nan tana mulki. Jiya ta kore ni daga gadona."

"Baba, ta ci abinci?"

"Ke dai ki ci kwamfutarki. Ana jiran wayar."

Ni mahauci ne, hannuna sikeli ne. In na ɗaga cinya na san abin da ke jikinta kafin a ɗora. Kullum da safe in na ɗaga yarinyar nan don in goya ta, hannuna yana gaya mini abin da ba na son ji. Wata safiya ina yi mata wanka, na tsayar da ita a cikin baho, jigidar da ke ƙugunta ta zame ta sauka har idon sawu, ba tare da ta tsinke ba. Na tsaya ina kallon jigidar a cikin ruwa. Kukan ma ta daina, sai wani ɗan nishi kamar na ɗan akuyan da aka haifa cikin sanyi.

Ban je Abatuwa ba ranar. Na kai ta wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin ta duba ido, ta ja fatar ciki ta saki, ta ce ba zazzaɓi, ba gudawa, yunwa ce da ƙishi. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari ta ɗura mata da ƙyar. Ta ce in ba ta fara ci ba zuwa gobe, in dawo da ita a kwantar a sa mata ruwa, kuma in zo da uwar.

"Ina uwar take ne ma?"

"Tana Kuru."

"Kuru ai ba Makka ba ce, Baba. Je ka ɗauko ta."

Na fito na tsaya a bakin titi. In an kwantar da yarinya a asibiti, magana ta ƙare, ba sauran lafiya lau. In na ɗauko uwar, kwas ya tafi, aiki ya bi shi. In na yi shiru kuma, ina iya buɗe ɗakin marigayiya in ce mata na rasa ki sau biyu. Na ce aiki dai ba rai ba ne. Na tari motar Kuru.

Ban taɓa jin tsawon hanyar nan irin na ranar ba. Fasinjoji na kallon tsoho da goyo, wata ta ce a ba ni kujerar gaba, wani ya tambaya ko matar ta gudu ne. Ina ta kai hannu baya ina taɓa ƙafarta don in ji ko da ɗumi. Muka wuce Bukur ruwa ya sauko. Na sauka a ƙofar makarantar na raɓe a rumfar mai gadi, na ce masa ina neman 'yata cikin masu koyon kwamfuta. Ya ce in ɗan jira, yanzu za su fito cin abinci.

Suka kuwa fito, mata da maza, suna gudu saboda ruwa. Na hango ta. Ta ɗora littafi a ka, ita da wata sun matsu a ƙarƙashin lema ɗaya, tana bayyana wa waccan wani abu da hannu, waccan na gyaɗa kai. Ban taɓa ganinta a wurin aikinta ba. A gida kullum a durƙushe nake ganinta, murya ƙasa-ƙasa. Nan kuwa tafiya take kamar ƙasar tata ce. Na tuna yadda uwarta ke tashi da asuba ta wanke mata yunifom ɗaya tilo, ta busar a kan murhu don kada ta yi fashi.

Mai gadi ya ce, "Baba, wacce ce? In kira ta?"

Na ce, "Ba ta cikinsu."

Na juya. Kada wani ya tambaye ni hikimar, babu ita. Ƙafafuna ne suka yanke shawara, ni dai na bi. Sai da na zauna a motar dawowa hankalina ya dawo, na ce to yanzu kuma fa? Yarinya tana da iyaye biyu. Na je ƙofar ɗaya na kasa. Saura ɗayan, wanda ke tsuguna mini kullum.

Suruki ba ya zuwa shagon mijin 'yarsa. Ban ma san wurin sosai ba, sai da na yi tambaya. Na iso jiƙe sharkaf, bayana kamar an sare shi da gatari, zanen mata ɗaure a ƙirjina. Shagon cike da yadi shuɗi da fari har rufi. Su biyu ne a ciki, shi da wani dattijon tela ɗan Filato da suke raba haya. Surukina na zaune a benci da kwanon faten dankali a cinya, ya kai loma baki ke nan ya gan ni. Ya zabura zai tsuguna, kwanon na neman kifewa.

"Baba! Lafiya?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau, don harshe ya saba. Na haɗiye ta. Na ce, "Zauna." Na kwance majanyi, na juyo da yarinyar, na dire masa ita a cinya.

Ya ɗaga hannuwansa sama kamar na ɗora masa garwashi. Ya kalli bango, ya kalli rufi, ya kalli ko'ina ban da ita. Dattijon telan ya tsayar da kekensa.

"Oga, riƙe yaronka mana, zai faɗi!"

Uwargida ta buɗe ido. Ta ɗaga kai ta kalli haɓarsa. Ta kama aljihun rigarsa ta gyara zama, ta juya ta jingina bayanta da cikinsa, kamar mai hawa kujerar da ta saba. Sannan ta buɗe baki. Ba kuka ba. Ta buɗe shi ne ta bar shi a buɗe, tana jira.

Hannunsa ya sauko da kansa. Ya ɗebo faten da yatsu biyu, ya murje, ya hura, ya taɓa a leɓensa, ya sa mata. Ta haɗiye. Ta sake buɗewa. Ban san lokacin da na zauna a kan tarin yadin mutane da jiƙaƙƙen wandona ba. Na ƙirga lomar farko da ta biyu, daga nan idona ya daina gani sosai, ruwan saman nan ne da ya shiga.

Na goge ido na ce, "Malam, wannan ba yau aka fara ba."

Ya sunkuyar da kai. "A gida tare muke ci, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ta fara zama. Ba ta karɓa a hannun kowa. Ko uwar, sai dai nono."

"Dattijuwar da ke riƙe ta fa?"

"Nakan je da rana in ba ta, in dawo."

"Uwar ta san da wannan?"

"Ita ke rufe mana ƙofa."

To kun ji. Tana cin komai, amma a kwano ɗaya, a cinya ɗaya. 'Yata ta ji kunyar gaya wa mahaifinta cewa mijinta na ciyar da 'yar fari da hannunsa. Mijin ya ji kunyar tambaya. Su biyun sun ɗauka yunwa za ta koya mata karɓa a hannuna. Ni kuma na ji daɗin rashin tambayar. Mutum uku masu hankali, ɗaya har da takardar makaranta, muka taru muka yi wa yarinya azumin da ba a wajabta mata ba, kowa yana ladabi.

Murnata ba ta daɗe ba. Yana ba ta, ɗaya hannun na shafa bayanta, sai na ga yatsunsa sun tsaya a kan haƙarƙarinta. Ya ɗaga rigar ya duba. Fuskarsa ta sauya. Karo na farko tun da ya auri 'yata, ya dube ni cikin ido.

"Baba, kullum ina zuwa."

"Kana zuwa."

"Kullum ana ce mini lafiya."

"Kai ma kullum gida kake tambaya. Gidan kuwa lafiyarsa lau, ko katanga ba ta tsage ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe zan je Kuru. Na faɗa mata tun farko."

Nan na ga aikin 'yata na zamewa, bayan duk ruwan da na sha. Na ce a raina, tunda na riga na shigo shagon suruki da zane a ƙirji, sauran kunyar ba ta da yawa, bari in kashe ta gaba ɗaya.

Na ce, "Ka ce in yarinya ta wahala uwar ta bar aiki. To ta wahala, ga ta nan, ba na musu. Amma wa ya wahalar da ita? Uwar na can inda ka yarda ta je. Ni da kai ne a garin nan. In hukunci za a yi, ni in bar fawa, kai ka bar keke. Ita me ta yi?"

"Baba, da tana gida da haka ba ta faru ba."

"Da tana gida da nono take ba ta, yaye kuma dole ne, ko da kwas ko babu. Yarinyar nan ba uwarta take nema a faranti ba. Kai take nema."

Ya kalli tarin yunifom. "Ga aiki, Baba. In ban kai a kan lokaci ba, ba za su sake ba ni ba. Yaya zan yi ɗinki da ita? Ga allura, ga almakashi, ga dutsen guga."

"Ni zan riƙe ta. Kai naka ci ne kawai. In kawo ta da safe ka ba ta, in kawo ta da rana, da yamma kai ka zo, ka wuce zaure, ka shigo har tsakar gida ka zauna a tabarmata."

"Abatuwa fa?"

"Abatuwa ta ci ƙuruciyata, ta yi haƙuri da tsufana."

"Mutane za su yi magana."

Dattijon telan ya ce, "Wane mutane? Mutumin da ya ga Baba da zane yau, me ya rage zai faɗa a kanka?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce bari ya ga yadda za ta kwana. Ta kwana, ta tashi ta nemi shayi a kofinsa. Bai je Kuru ba.

Sauran makonnin ban so in tuna su. Na bar wa abokina teburina da safe, masu sayen da na yi shekaru ina tarawa suka koma nasa, wasu ba su dawo ba har na bar sana'ar. Daga unguwarmu zuwa hanyar Naraguta mota biyu ce, ga ruwa, ga goyo, safe da rana. Gwiwata ta dama tun lokacin ba ta sake yarda da ni ba. Shi kuma ya kai yunifom a makare, makarantar ta ba wani telan na shekara mai zuwa. Bai taɓa ambata mini ba, a bakin dattijon na ji. Yarinyar dai ta riƙa cikowa, a hankali har ta fara karɓar loma a hannuna, in uban na zaune tana ganinsa.

Da 'yata ta gama ta dawo da takardarta, kai tsaye gidana ta zo. Ta tarar da mijinta zaune a tsakar gida kusa da ni, kwano ɗaya, yarinya a cinyarsa. Ta tsaya a bakin zaure kamar ta shigo gidan da ba ta sani ba. Ta miƙa hannu, Uwargida ta leƙe ta, ta ɓoye fuska a rigar uban. Da ta ɗauke ta da ƙarfi, ta ji nauyinta, ita ma ai 'yar mahauci ce. Mijin ya gaya mata komai, a gabana, bai rage ba, har da zuwana ƙofar makarantarsu.

Ta ce, "Baba, ka zo har can? Da ita a bayanka? Ka gan ni?"

"Na gan ki."

"Ka juya."

Ta zauna a ƙasa da kayan ofis ɗinta ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar uwarta. Ta ce ba ta son aikin, a kai takardar kasuwa a naɗe nama da ita. Ni na ɗauka daga bakin mijin hukuncin zai fito, ashe daga nata ne. Mijin ne ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Ni na janye tawa maganar. In kin bari, ke kika bari. Amma Baba ya rasa teburinsa, ni na rasa makaranta. Kada ya zama a banza."

Ta ɗauki 'yarta suka tafi, ba ta yi mini sallama ba. Ran Asabar ba ta zo ba, ran Lahadi ba ta aiko ba. Na ce shi ke nan, na yi asarar gwiwa, na yi asarar 'ya.

Litinin da sassafe ina alwala na ji ana taɓa ƙofa. Ita ce, da jakar ofis a kafaɗa, ido a kumbure, yarinya a hannu. Ba ta durƙusa ba. Ta miƙo mini ita.

"Ta ci a hannunsa kafin mu fito. Da rana zai zo nan da kansa, ba sai ka hau mota ba. In na tashi zan biyo in ɗauke ta."

Na ce to. Ta juya da sauri, don motar sakatariya ba ta jira. Ta kai bakin zaure ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Baba, in ba ta ci ba, ka aiko a gaya mini. Ko ina gaban oga ne."

Na ce, "Zan aiko."

Ta fita da gudu tana ɗaga wa motar hannu.